Daga Ailan Zuwa Indiya A Kan Keke

Duk yaron da ya taɓa hawan keke ya san abin da tudu yake yi wa ƙafafu. Muddin ana kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, keke abin daɗi ne, ana tafe ana kaɗa ƙararrawa. Amma da an zo hawa, sai feda ta yi nauyi, numfashi ya soma sarƙewa, mai keke ya tashi daga kan sirdi yana rangaji dama da hagu. In tudun ya ƙi ƙarewa, tilas ya sauka ya tura. Waɗansu kan ji kunyar wannan sauka, suna ganin kamar kasawa ce. To, ga labarin wata mace wadda ta sauka ta tura kekenta sau da yawa, ba iyaka, wani wurin ma ita ta ɗauki keken a wuya, amma duk da haka ta isa inda ta nufa.

Sunanta Dervla Murphy. An haife ta ran 28 ga watan Nuwamba 1931, ta girma a wani ƙaramin gari wai shi Lismore, a kudancin Ailan. Ailan kuwa tsibiri ne da ke yamma da Ingila, watau ruwa ya kewaye shi ta ko'ina. Ubanta shi ne mai kula da ɗakunan karatu na lardinsu, saboda haka ta tashi cikin littattafai. Ita kaɗai ce wurin iyayenta. Uwarta kuma tun Dervla tana 'yar ƙarama ciwon gaɓoɓi ya kama ta, ya yi ta cinta har ta kasa tafiya.

Ran da Dervla ta cika shekara 10, cikin 1941, sai iyayenta suka yi mata kyautar keke, ba sabo ba, na hannu. Kakanta kuma ya aiko mata da littafin taswirar ƙasashen duniya, shi ma tsoho. Ba a daɗe ba, wata rana tana hawan wani tudu kusa da garinsu, ta sunkuya ta dubi ƙafafunta suna juya feda sannu sannu. Sai wani tunani ya faɗo mata: ashe in mutum ya yi ta yin haka bai daina ba, har Indiya sai ya kai. Ta duba taswira, ta ga in ban da 'yan wuraren da za a haye teku, ƙasa ce a haɗe tun daga Faransa har can. Nan take ta ƙulla niyya. Ba ta gaya wa manya ba, domin ta san murmushi kawai za su yi, su ce yarinta ce.

Amma kafin ta ga dutse ko ɗaya na ƙasashen gabas, sai da ta sha wani hawa mai tsawo a cikin gidansu. Tana shekara 14 aka fitar da ita daga makaranta, domin ciwon uwarta ya yi tsanani, ba kuwa wanda zai yi jiyya sai ita. Ita ce ɗagawa, ita ce kwantarwa, ita ce aikin gida. Haka ta zauna shekara 16. Tsararrakinta suka gama makaranta, suka kama aiki, suka yi aure, ita tana nan. Daga baya, cikin littafin da ta rubuta na tarihin rayuwarta, ba ta ɓoye ba cewa waɗannan shekaru sun yi mata nauyi ƙwarai. Duk da haka ba ta gudu ta bar uwarta ba, ba ta kuma yar da niyyarta ba. In ta sami 'yan makonni na hutu, sai ta hau keke. Cikin 1951 ta zaga kudancin Ingila, cikin 1952 ta ratsa Beljiyam da Jamus da Faransa, cikin 1954 da 1956 kuma ta je Sifen. Kowace tafiya ta ƙare, sai ta komo bakin gadon jiyya.

Ubanta ya rasu cikin 1961, uwarta kuma cikin 1962. A lokacin Dervla ta haura shekara 30. Sai ta ɗauko tsohuwar niyyar nan tata, ta shiga shiri.

Shirin nata abin lura ne. Kekenta irin na maza ne, mai ƙwari, ƙirar Armstrong. Ta sa masa suna Rozinante, sunan wani ramammen doki na cikin wani tsohon labarin mutanen Sifen, amma Roz take ce masa don taƙaitawa. Keken yana da giya, watau abin da ke sauƙaƙa wa mahayi juya feda wajen hawan tudu. Sai ta sa aka cire giyar. Dalilinta shi ne, hanyoyin da za ta bi masu duwatsu ne da ƙura, in giya ta lalace a can, ba mai gyara, ba kayan gyara. Ta gwammace ta sha wahalar turi da keken ya mutu mata a jeji. Tayoyi kuwa ba ta ɗaure su duka a kariya ba, sai ta aika da su gaba ta gidan waya zuwa waɗansu ofisoshi na manyan biranen da ke kan hanyarta, ta riƙa karɓa in ta iso. Ta ɗauki tufafi kaɗan, da famfo da kayan faci, da taswira, da littafin rubutu, da wata 'yar ƙaramar bindiga ta aljihu.

Cikin watan Janairu 1963 ta haye teku, ta kama hanya daga Dunkirk, a arewacin Faransa. Sai aka yi rashin sa'a, ta fito daidai da wani mugun sanyi wanda Turai ta daɗe ba ta ga irinsa ba. A Ingila tun 1740 ba a yi hunturu mai tsananinsa ba. Dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyi, ruwa ya daskare a kan kwalta ya zama kamar gilashi, iska kuwa in ta buso sai ta kayar da mai keke. Da ta iso gindin duwatsun Alps, waɗanda suka raba Faransa da Italiya, tilas ta shiga jirgin ƙasa ta ƙetare su. Ba haka ta so ba, amma ba ta ce tun da tafiya ta ɓaci tun da fari bari ta koma gida ba.

Daga Italiya ta shiga Yugoslabiya. Wannan ƙasa babu ita yanzu, tun daga 1991 ta soma rarrabuwa zuwa ƙananan ƙasashe. A can ne wani dare, ƙanƙara ta hana hawan keke, ta shiga wata babbar mota. Motar ta zame ta bar hanya, direba ya ji ciwo. Dervla ta fita da ƙafa cikin duhu don ta nemo taimako a ƙauye. Tana cikin kurmi sai waɗansu namun daji suka far mata, ko kyarketai, ko karnukan da yunwa ta haukata. Ta zaro 'yar bindigarta ta yi harbi, Allah ya kuɓutar da ita. Da sanyi ya soma sauƙi kuma, sai ƙanƙara ta narke, koguna suka cika suka yi ambaliya a kan hanya. Haka ta yi ta fama, ta wuce Bulgeriya, ta ratsa Turkiyya tun daga yamma har gabas, ta shiga Iran, wadda mutanen dā suke kira Farisa. Wajen ƙarshen watan Maris ta isa Tehran, babban birnin ƙasar.

Daga nan gaba labarin ya zama na duwatsu, saboda haka ya kamata a san abin da ake nufi da mashigin dutse. Manyan duwatsun duniya ba ɗaya ɗaya suke tsaye ba, a jere suke kamar ganuwa, wani jerin ya yi ɗaruruwan mil. Ba a iya kewaye su, ba a kuma iya bi ta ƙwanƙolinsu. Sai matafiya su nemi wurin da ganuwar ta ɗan rusuna tsakanin kawuna biyu, kamar yadda bayan doki ya rusuna inda ake ɗaura sirdi. Wannan wuri shi ne mashigi. Hanyar da ke hawa can ba ta miƙewa sak, sai ta yi ta lanƙwasa, dama da hagu, kamar tafiyar maciji, don hawan ya yi sauƙi.

Abu biyu ke wahalar da mai hawan mashigi. Na fari sanyi. Duk ƙafa 1,000 da aka hau, awon zafi kan ragu da wajen digiri 2, shi ya sa mutum kan bar zufa a gindin dutse ya tarar da ƙanƙara a bisa. Na biyu ƙarancin iska. Iskar da ke can sama ba ta da kauri kamar ta ƙasa, saboda haka kowane numfashi kaɗan yake kai wa jiki. Sai zuciya ta yi ta bugawa, kai ya yi ciwo, ƙato ya yi taku goma ya tsaya yana haki. Gangara ma tana da nata haɗari, domin in hanya ta yi tsakuwa, birki kuma ya gaji, mai keke yana iya zarcewa cikin kwazazzabo.

Da ƙyar Dervla ta sami izinin shiga Afganistan, don ana tsoron abin da zai sami mace ita kaɗai a hanya. Amma da ta shiga, cikin watan Afrilu, sai ƙasar ta kwanta mata a rai ƙwarai da gaske. Ta bi ta Herat da Kandahar zuwa Kabul, wani wuri a kan keke, wani wuri a mota. Sau da yawa a rumfunan masu shayi na bakin hanya take kwana. Mutanen matalauta ne, ba ta jin harshensu, ba addininsu ɗaya ba, amma suka ba ta gurasa da shayi da wurin shimfiɗa. Da yake gashinta gajere ne, muryarta kuma mai kauri, da yawa kan ɗauka namiji ce. Daga Kabul ta nufi kwarin Bamiyan ta mashigin Shibar, mai tsayin wajen ƙafa 10,000, a cikin duwatsun Hindu Kush. A ƙasar ne kuma ta ji ciwo mafi tsanani. Tana cikin wata motar haya rigima ta tashi tsakanin waɗansu maza, gindin bindigar wani ya buge ta ba da niyya ba, haƙarƙarinta ya karye. Ta yi jiyya, ta ci gaba, ba ta kuwa riƙe mutanen ƙasar da wannan ba. 'Yar bindigar nan tata ma a Afganistan ta sayar da ita.

Daga Kabul ta gangara ta mashigin Khyber, tsohuwar ƙofar da fatake da mayaƙa suka yi ta bi tun zamanin dā, ta shiga Pakistan. Can ta tarar da zafi kamar wuta. Daga nan Indiya ba nisa, hanya kuma shimfiɗaɗɗiya. Amma sai ta zaɓi ta fara ganin manyan duwatsun arewa. Ta sa Roz cikin jirgin sama, suka sauka a Gilgit, da niyyar ta komo kudu da ƙafafunta.

Wannan shi ne yanki mafi wuya na tafiyar duka. Ta bi kwazazzabon kogin Indus, inda ba inuwa, duwatsu kuma suka ɗauki zafin rana suna mayar da shi kamar tanda. A gefenta ga dutsen Nanga Parbat, mai tsayin ƙafa 26,660, fari fat da ƙanƙara, ita kuwa tana ƙasa ƙishirwa na neman kashe ta. Abinci ya yi wuya, don mutanen wurin su kansu da kaɗan suke rayuwa. Kusa da garin Chilas zafin rana ya buge ta, sai da mutane suka taimake ta ta farfaɗo.

Chilas tsayinsa wajen ƙafa 4,000 ne daga bakin teku, kamar na garin Jos. Mashigin Babusar kuwa, wanda za ta haye, wajen ƙafa 13,700 ne, tsakaninsu kuma bai kai mil 30 ba. A wannan tsayi, iskar da mutum ke shaƙa ba ta wuce kashi uku cikin biyar na wadda yake samu a bakin teku ba. Watan Yuni ne, amma ƙanƙara ba ta gama narkewa daga kan hanya ba, mota ba ta iya wucewa. Ruwan da ke narkewa kuma ya cika rafuffuka, ya kwashe gadoji.

A cikin waɗannan duwatsu ne ta zo bakin wani rafi mai ƙarfin gudu, ga sanyi, ba gada, ba kowa. Tana tsaye tana neman dabara, sai ga wata saniya ta zo za ta haye. Dervla ta lura dabbar nan ta san mashigin ruwan. Ba ta yi wata-wata ba, ta rataya keke a wuya, ta dafa saniya, suka shiga tare, suka fita tare. Wanda ya raina abin da zai koya wurin saniya, da yana can bakin rafi har yanzu.

Hawan kansa kuwa ba a kan sirdi aka yi shi ba. Turi ne da ɗauka. A tura keke 'yan taku, a tsaya a yi numfashi, a sake turawa. Inda ƙanƙara ta rufe hanya, a ja shi, ko a saɓa shi. Ba mai kallo, balle a yi mata tafi. Da haka, taku bayan taku, ta kai bisa, ta gangara cikin kwarin Kaghan mai itatuwa da ciyawa da ruwan sanyi. Yanzu an shimfiɗa kwalta a kan mashigin nan, amma har ila yau ƙanƙara kan rufe shi kowace shekara in hunturu ya zo.

Cikin watan Yuli 1963 Dervla ta shiga birnin Delhi na Indiya, wata shida bayan tashinta, shekara 21 da 'yan watanni bayan ran da ta hau tudun nan na garinsu. Ƙasa tara ta taka daga Faransa zuwa can. Abin da ta yi a kan keke, ban da inda ta shiga mota ko jirgi, ya kai wajen mil 3,000. Kuɗin da ta kashe a hanya duka fam 64 ne da 'yan sulalla. Da ta isa kuma ba hutu ta nema ba, sai ta tafi Dharamsala, ta yi watanni tana aikin kula da 'ya'yan mutanen Tibet masu gudun hijira. Hannun da ya saba da jiyya a gida, shi ya yi amfani a can.

Kowane dare na tafiyar, kome gajiya, takan rubuta abin da ta gani a ranar. Daga wannan rubutu aka buga littafinta na fari, mai suna Full Tilt, cikin 1965. Ta sadaukar da shi ga mutanen Afganistan da na Pakistan, don godiya bisa karimcin da suka yi mata. Ta san ƙafafunta ne suka juya feda, amma ba su kaɗai suka kai ta ba. Mai keke ba shi da ƙofar da zai rufe, ba shi da gilashin da zai ɗaga. Ruwansa da abincinsa da makwancinsa duk suna hannun mutanen da bai taɓa gani ba. Saboda haka dole ya koyi gaisuwa, da cin abin da aka ba shi, da girmama al'adar masu gida.

In an dubi labarin nan da kyau, za a ga ba ƙarfi ne ya kai Dervla Indiya ba, domin akwai dubban mutane da suka fi ta ƙarfi. Ba kuɗi ba ne, ba kuwa kyan keke ba. Abin da ta fi mutane da shi, shi ne ta iya tafiyar sannu ba tare da ta manta inda ta dosa ba. Ta koyi wannan tun kafin ta ga Babusar. Shekaru 16 ɗin nan na jiyya, su ma sauka ce daga kan sirdi, su ma turi ne. Mai kallo daga nesa sai ya ce tafiyarta ta tsaya, alhali kuwa tana kan hanya. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Akwai yaran da kan bar makaranta wani lokaci saboda ciwo, ko rashi, ko hidimar iyaye, su ga 'yan ajinsu sun wuce su. Irin wannan yaro bai kasa ba, muddin hannunsa yana kan keken, fuskarsa kuma tana duban bisa.

Dervla ba ta daina tafiya ba bayan Indiya. Ta ratsa tsaunukan Habasha da ƙafa, da alfadari yana ɗauke da kayanta. Cikin 1987 ita da 'yarta suka zaga tsaunukan Kamaru da wani doki, suna sauka a ƙauyuka da wuraren Fulani makiyaya. Cikin 1992, tana shekara 60, ta hau keke daga Kenya har Zimbabuwe. Ta rubuta littattafai fiye da 20. Amma duk inda ta je, Lismore take komowa. A can ta rasu ran 22 ga watan Mayu 2022, tana da shekara 90, a garin da tudun nan yake.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa biyu aka ba Dervla ran da ta cika shekara 10?
2. Me ya hana ta tashi zuwa Indiya sai cikin 1963?
3. Don me ta sa aka cire giyar kekenta?
4. Mene ne mashigin dutse? Faɗi abu biyu da ke wahalar da mai hawansa.
5. Ɗauki taswira, ka nuna ƙasashe tara da ta bi, daga Faransa zuwa Indiya.